Sharhi: Ƙaura Zuwa Ƙasashen Waje Da Makomar Kayan Gida

A 'yan shekarun nan, da wuya mako ya wuce ba a ga sanarwa a dandalin Facebook ko zaurukan WhatsApp ba, cewa ana sayar da kayan gida cikin gaggawa saboda mai su zai bar ƙasa. Gado da katifa, kujerun falo, firji, janareta, wani lokaci har da labule da tukwane, duk a jera su da farashin da ya yi ƙasa da na kasuwa nesa ba kusa ba. Wannan wani ɓangare ne da ba a cika waiwaya ba na guguwar ƙaurar da ake kira "japa", kalmar Yarabanci da ke nufin tserewa.

Muhawara a kan wannan ƙaura ta fi karkata ga likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a da ƙasa ke rasawa, da kuma kuɗin da mazauna ƙetare ke turowa gida, wanda Bankin Duniya ya ƙiyasta da kusan dala biliyan 20 a shekara. Amma kafin a kai ga filin jirgi, kowane iyali sai ya zauna ya amsa wasu tambayoyi huɗu: me za a ɗauka, me za a sayar, me za a bari, kuma kayan na wane ne? A nan ne dukiyar da aka yi shekaru ana tarawa kan salwanta cikin 'yan makonni.

Abin da ya sauya lissafi

Abubuwa biyu da suka faru a 2023 sun sauya lissafin jigilar kaya baki ɗaya. Na farko shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, wanda ya ɗaga kuɗin sufuri a cikin gida. Na biyu shi ne matakin Babban Bankin Najeriya a watan Yuni na barin kasuwa ta yanke darajar Naira. Dalar da ake canzawa a kan kusan Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Kamfanonin jiragen ruwa da na sama da dala suke lissafi, saboda haka ko da kuɗin dako bai motsa ba a kasuwar duniya, mai biya da Naira sai ya ga ya ninka har sau uku.

Su ma ƙasashen da ake zuwa sun ƙara matse ƙofa. Alƙaluman Ma'aikatar Cikin Gida ta Birtaniya sun nuna cewa a 2022 an bai wa iyalan ɗalibai 'yan Najeriya fiye da 60,000 biza, adadin da ya zarce na kowace ƙasa. Daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyalansu, sai masu karatun bincike mai zurfi. A watan Maris na shekarar aka yi wa masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya irin wannan hani, sannan a Afrilu aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ƙwararren ma'aikaci zai samu kafin a ba shi biza daga fam 26,200 zuwa fam 38,700. Ita ma Kanada a Janairun 2024 ta ɗaga kuɗin guzurin da ɗalibi zai nuna daga dalarta 10,000 zuwa 20,635.

Ma'anar wannan ga kayan gida a fili take. Iyalai da yawa yanzu ba sa tafiya lokaci guda: mutum ɗaya ne ke yin gaba, saura su zauna jiran tsammani. Wanda ya yi gaggawar sayar da gado da firji kafin biza ta fito, ko kafin ya tabbatar iyalinsa za su bi shi, zai iya wayar gari da gidan da babu komai a cikinsa, kuma abin da ya karɓa ba zai sake saya masa irinsu ba.

Hanyoyi uku, farashi uku

Hanya ta farko ita ce kayan da matafiyi zai shiga jirgi da su. A yawancin jiragen da ke zuwa Turai da Amurka daga Najeriya, mai ƙaramin tikiti yana da damar jaka biyu, kowace kilo 23, kuma ba a karɓar jaka guda da ta wuce kilo 32 ko da za a biya ƙari. Takardun makaranta, takardar aure, takardun haihuwar yara, magunguna tare da takardar likita, da gwala-gwalai, wurinsu jakar hannu ne, ba ɗakin kaya ba.

Hanya ta biyu ita ce aika kaya ta jirgin sama a matsayin lodi. Tana da sauri, amma akwai wata ƙa'ida da ke ba mutane mamaki. Ba nauyi kaɗai ake aunawa ba, har da wurin da kaya suka cinye. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a ma'aunin santimita, a raba da 6,000, abin da ya fito shi ne nauyin girma, kuma wanda ya fi yawa tsakanin nauyin girma da na sikeli shi ake biya. Kwalin da ke da santimita 60 da 50 da 40 za a lissafa shi a kilo 20, ko da filo da bargo ne a ciki waɗanda ba su wuce kilo 6 ba. Kamfanonin kai saƙo cikin gaggawa ma da 5,000 suke rabawa, wato sun fi tsada.

Hanya ta uku ita ce teku. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan kubik mita 33, mai ƙafa 40 kuwa kusan 67. Wanda kayansa ba su cika kwantena ba, ana haɗa nasa da na wasu a biya gwargwadon wurin da aka ci. Wannan ya fi araha, sai dai yana da nasa haɗarin: dole a jira kwantenar ta cika kafin ta tashi, kuma idan jami'an kwastam suka samu haramtaccen abu a kwalin mutum ɗaya, kayan kowa ne za su tsaya. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, tafiyar takan ɗauki wata biyu ko fiye. Haka kuma kuɗin da ejan ya faɗa a Legas sau da yawa bai haɗa da kuɗin sauke kaya da na fito da na ajiya a can ba. Idan kwanakin kyauta suka ƙare kaya na zube a tasha, kuɗin kwana zai fara hawa kullum.

Akwai kuma kayan da ɗaukar su asara ce tun daga tushe. Wutar lantarkin Najeriya bolt 230 ce, iri ɗaya da ta Birtaniya, har bakin soket ɗinsu ɗaya ne. A Amurka da Kanada kuwa bolt 120 ce, don haka firji ko injin wanki da aka saya a Kano ko Abuja ba zai yi aiki a can ba sai da na'urar sauya wuta. Gidajen haya a biranen Turai ƙanana ne, da yawa kuma da kayansu ake bayar da su. Makeken gadon da ya ƙawata ɗakin amarya zai iya kasa wucewa ta matattakala.

Nisan Arewa da teku

Ga mazaunin Kano ko Katsina ko Maiduguri, wahalar tana farawa tun kafin a ga ruwa. Manyan tashoshin jiragen ruwa, wato Apapa da Tin Can da Lekki a Legas, da Onne a Jihar Ribas, duk a Kudu suke. Tsakanin Kano da Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000 a mota, da shingaye da ramuka da lodi da saukewa, kuma kowane ɗagawa da ajiyewa dama ce ta fashewar tangaran ko karyewar katako.

Domin rage irin wannan ɗawainiya aka kafa tashoshin tsandauri: ta Kaduna da aka ƙaddamar a Janairun 2018, ta Dala a Kano a Janairun 2023, da ta Funtuwa a 2024. Manufarsu ita ce a duba kaya, a rufe kwantena, a kammala takardu a nan Arewa. Sai dai amfaninsu ya dogara ne ga jirgin ƙasa mai jigila a kai a kai, kuma sabon layin dogo da ya tashi daga Legas a Ibadan ya tsaya tun 2021. Har ila yau, an tsara tashoshin ne domin 'yan kasuwa masu cika kwantena, ba domin magidanci mai kwali goma sha biyar ba.

Kowace ƙasa da dokarta

Yawancin ƙasashe suna yafe haraji a kan kayan gida da aka riga aka yi amfani da su, amma yafiyar tana da sharuɗɗa. A Birtaniya sai an nemi izini ta intanet da fom ɗin da ake kira ToR1 kafin kaya su isa. Dole mai nema ya kasance ya zauna a wajen ƙasar na wata 12 a jere, ya mallaki kayan na aƙalla wata 6, ya shigo da su cikin wata 12 da isowarsa, kuma kada ya sayar ko ya ba da aronsu kafin wata 12 su cika. Wanda bai cika waɗannan ba zai iya fuskantar harajin kashi 20 cikin 100, ban da kuɗin fito.

A Kanada, sabon mazauni zai gabatar da jerin kaya kashi biyu a ranar da ya sauka: waɗanda ya zo da su, da waɗanda za su biyo baya, a fom mai lamba BSF186. Abin da ba a rubuta a ranar ba, zai yi wuya ya shiga kyauta daga baya. A Amurka kuwa sharaɗin shi ne an yi amfani da kayan na tsawon shekara guda, kuma kayan da ba su zo tare da mai su ba ana cike musu fom mai lamba 3299. Darasin da ke cikin dokokin uku ɗaya ne: sababbin kayan da aka saya ana gobe tafiya ba sa cikin yafiya, kuma jerin kaya da rasit sun fi rantsuwa amfani a gaban jami'in kwastam.

Abin da ba ya ƙetare iyaka

Bahaushe ba ya tafiya babu guzuri, amma a nan ne ake yawan yin kuskure. Birtaniya da Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama da kayan madara, abin da ya shafi kilishi da dambun nama da man shanu. Birtaniya ta yarda da kifi har kilo 20 da zuma har kilo 2. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Saudiyya ta haramta goro, kuma duk shekara Hukumar Alhazai ta Ƙasa tana maimaita gargaɗi a kai. Kayan gona da aka halatta ma suna buƙatar takardar shaidar lafiya daga hukumar killace kayan gona ta NAQS. Akwatin katako da ake kare kaya da shi kuwa sai an gasa shi a zafin digiri 56 na minti 30, ko an yi masa feshi, an buga masa hatimin ƙa'idar duniya ta ISPM 15.

Tukunyar gas, janareta mai sauran mai a ciki, fenti, da turaren ruwa mai yawa irin su humra, duk suna cikin kayan da ke iya kama wuta, masu ƙa'idoji na musamman. Batirin ajiyar caji ba ya shiga ɗakin kaya, sai jakar hannu. Jaka ko takalmin fatar kada ko mesa, da duk wani abu na hauren giwa, suna ƙarƙashin yarjejeniyar kare namun daji ta CITES. Tsofaffin kayan tarihi, kamar takobin gado ko rubutaccen littafin kakanni, ba a fitar da su sai da izinin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, bisa dokar 1979. Kuɗin da ya haura dala 10,000 kuwa wajibi ne a bayyana shi ga kwastam.

Mafi hatsari shi ne saƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ba a manta da ɗalibar nan da aka kama a Saudiyya a Disamban 2018 ba, bayan an samu ƙwayoyin tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Sai da binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin saman Malam Aminu Kano suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, kafin aka sake ta a Afrilun 2019. Ƙirga jakunkuna, adana lambobinsu, ɗaukar hotonsu, da ƙin karɓar ƙunshin da ba a buɗe ba, ba rashin kara ba ne, kare rai ne.

Idan kaya sun ɓata

Mutane da yawa sun ɗauka cewa idan kaya suka salwanta, kamfani zai biya kuɗinsu cif. Doka ba haka ta ce ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ƙayyade diyyar jakunkunan fasinja, kuma daga ƙarshen 2024 iyakar ita ce 1,519 a ma'aunin kuɗi na SDR, wato kusan dala 2,000 ga fasinja ɗaya, komai tsadar shadda da leshin da ke ciki. Ƙorafin lalacewar jaka yana da kwana 7, na jinkiri kwana 21.

A teku, Najeriya ta mayar da Ƙa'idojin Hamburg dokar ƙasa a 2005, kuma sun sa iyakar diyya a kan SDR 835 ga kowane ƙunshi, ko 2.5 ga kowane kilo, duk wanda ya fi yawa. Amma idan takardar shaidar lodi ba ta lissafa adadin kwalayen da ke cikin kwantena ba, ana iya ɗaukar kwantenar gaba ɗaya a matsayin ƙunshi guda. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar teku ta raba asara: idan jirgi ya shiga haɗari aka kashe kuɗi wajen ceto shi, duk masu kaya za su ba da nasu kaso kafin a sakar musu kayansu, kamar yadda aka yi da jirgin Ever Given da ya toshe mashigin Suwez a Maris 2021. Inshora ce ke ɗauke wannan nauyi. Sai dai masu inshora ba su cika biyan kuɗin abin da ya fashe a kwalin da mai shi ya ɗaure da kansa ba.

Duk waɗannan haƙƙoƙi na wanda ke riƙe da takarda ne. Kasuwar kuwa ta cika da masu karɓar kaya a kan kilo, waɗanda ofishinsu bai wuce lambar waya da shafin Instagram ba. Majalisar da ke kula da masu jigilar kaya, CRFFN, wadda aka kafa da doka a 2007, ita ke yi wa ejan-ejan rajista, yayin da Majalisar Masu Safarar Kaya ta Najeriya ke sauraren ƙorafi a kan harkokin tashoshi. Kaɗan ne daga cikin masu ƙaura suka san da su. Garin neman araha, akan rasa kaya da kuɗi baki ɗaya.

Kayan ɗaki na wane ne?

A ƙasar Hausa wannan batu yana da wata fuska ta daban. Gado da kujeru da kwanuka da sauran kayan jere, iyayen amarya ne ke yin su, wani lokaci bayan shekaru ana adashi da tari. A al'ada da kuma shari'ar Musulunci, mallakin matar ne, kamar yadda sadakinta da gwal ɗinta suke. Su ne jarinta, su ne madogararta ranar da zama ya ƙi daɗi.

Idan aka sayar da su domin a cika kuɗin tikiti ko kuɗin makarantar maigida, dukiyar mace ce ta koma jarin tafiya. Idan tafiyar ta yi kyau, babu mai tuna batun. Idan biza ta ƙare, ko dokar iyali ta sauya, ko aure ya mutu a can, matar ce ke dawowa gidan iyayenta hannu rabbana. Bizar da ake bai wa iyali ma a rataye take da ta wanda ya kai su. Saboda haka yardar mace ta zahiri, da rubuta abin da aka sayar da yadda za a mayar mata, a gaban shaidu daga dangin biyu, ba rashin yarda ba ne. Addini da kansa ya yi umarni da rubuta bashi.

Haka abin yake ga kayan da aka bari ajiya. Abin da aka jibge a ɗakin ƙani ko yaya ba tare da jeri ba, gara da danshi za su ci rabonsu, biki da suna su ci saura, ƙarshe zumunci ya yi tsami. Ɗaliban da yaƙin Sudan ya rutsa da su a Afrilun 2023, waɗanda aka kwaso ta Masar da Port Sudan da 'yar jakar hannu, sun nuna wani darasin: abin da ba ya sayuwa a kasuwa shi ne takardu, don haka ajiye kwafinsu a intanet da wurin amintacce a gida wajibi ne.

Mai tafiya kuma ya tuna da ranar dawowa. Hukumar Kwastam ta Najeriya tana yafe haraji a kan kayan gida da aka yi amfani da su ga wanda ya zauna a waje na aƙalla wata tara, amma mota ba ta cikin yafiyar.

Abin da ya rage a yi

Gwamnati ba za ta hana mutane tafiya ba, amma za ta iya rage asarar da suke yi. Hukumar Kwastam da NAQS da NDLEA da Hukumar 'Yan Najeriya Mazauna Ƙasashen Waje, NiDCOM, za su iya haɗa jagora guda ɗaya cikin Hausa da Yarabanci da Ibo, a raba a ofisoshin fasfo, inda duk mai niyyar tafiya ke bi. Ya kamata jerin ejan-ejan masu rajista ya kasance a inda kowa zai duba da wayarsa, a kuma wajabta musu bayar da farashi a rubuce wanda ya haɗa da kuɗin da za a biya a ƙasar da kaya za su sauka. Tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala da Funtuwa za su ƙara amfani idan aka ware sashen haɗa ƙananan kaya.

Ga iyalai kuwa, tsarin da ya fi aminci shi ne a jira biza ta fito kafin a sayar da komai, a kwatanta kuɗin jigilar kowane abu da kuɗin sayen irinsa a can, a nemi farashi daga kamfanoni fiye da ɗaya, a sa wa kowane kwali lamba da jerin abin da ke ciki, sannan a yi inshora. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Iyalin da suka fara wannan lissafi wata uku kafin tashi, su ne ke isa da abin da suke buƙata, kuma su bar gida a yanayin da za su iya dawowa su tarar da shi.